Yadda za ku kafa ƙungiyar ci gaban ƙauyenku ta kuma ɗore

Duk bayan sallah sai an kira ni ko a turo min saƙo, yawanci samari ne da suka gama karatu ko 'yan ci-rani da suka zo gida, tambayar kuma kusan ɗaya ce, muna son kafa ƙungiya don taimakon garinmu, nawa ne rajista, a ina ake samun turawa masu ba da tallafi? Ni dai abin da nake ce musu kullum shi ne ku ajiye maganar rajista tukuna, ku ajiye maganar turawa, ku nemo aiki guda ɗaya ƙarami wanda za ku iya gamawa da kuɗin aljihunku kafin damina ta sauka.

Mu a garinmu da famfon tuƙa-tuƙa muka fara. Ya fi shekara a lalace, 'yan mata na sammako zuwa fadama da jarkoki har lokacin makaranta ya wuce su, kowa na cewa ai gwamnati ce ta haƙa ita za ta gyara. Da muka haɗa kuɗi muka kira mai gyara ya zaro bututun, ashe roba ce ta cinye a can ƙasa sai sanduna biyu da tsatsa ta ci, shi kenan fa. Ranar da ruwa ya fito wata tsohuwa ta tara hannu ta wanke fuska tana sa mana albarka, kuma daga ranar ne mutanen da ke mana kallon yara masu surutu suka fara tambayar yaushe ne miting na gaba.

Toh amma kafin ku taɓa komai ku je gaisuwa. Mai unguwa, dagaci, limamin gari, shi dagacin ne zai kai ku wajen hakimi in buƙatar hakan ta taso. Ƙafa da ƙafa za ku je, ku ɗauki dattijo ɗaya da ake jin maganarsa ya yi muku jagora, ku ce ranka ya daɗe mun zo neman shawara da albarka ne, kar ku je da takarda kuna karanto musu abin da kuka riga kuka yanke. Idan dagaci ya ji labarinku a bakin wani kafin ya ji a bakinku, wallahi kun sa wa kanku wahalar da ba dole.

Sai mata. Wannan wajen ne yawancinmu muke kuskure, maza su zauna a gindin bishiya su yanke cewa abin da gari ke buƙata shi ne ɗakin taro ko filin ƙwallo, alhali masu ɗebo ruwa da masu kai yaro asibiti cikin dare suna cikin gida ba wanda ya tambaye su. Ku nemi ungozoma, uwar adashi, malamar islamiyya, su shiga gida-gida su jiyo muku, kuma a ba su kujera ta gaske a kwamiti. Ku bincika kuma ko akwai kwamitocin da suka riga ku, kamar kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC ko kwamitin mazaɓa mai kula da ƙaramin asibiti, in suna nan ku haɗa kai da su, kar ku zama kishiyarsu. Aikin gayya ma ai ba baƙo ba ne a wajenmu, iyayenmu da shi suka yi shara da yaɓen masallaci da gyaran hanya, ku kira abin da sunan da mutane suka sani.

Lokacin miting ku kauce wa ranar kasuwa, da damina kuwa kar ku ma wahalar da kanku kowa na gona. Bayan sallar Juma'a ya fi, babban taro kuma washegarin sallah lokacin da 'yan birni ke gida.

Shugabanni kar su yi yawa, shugaba, mataimaki, sakatare, ma'aji, mai binciken kuɗi, wakiliyar mata sun isa. Ma'aji kar ya zama ƙanin shugaba ko surukinsa ko da kuwa waliyyi ne, saboda bakin mutane. Ku rubuta tsarin mulki da Hausa, shafi biyu ko uku, a karanta shi da ƙarfi a gaban kowa, kuma a sa wa'adin shugabanci a ciki, misali shekara 2, tun kafin wani ya hau kujerar, don in ya riga ya hau maganar wa'adi sai ta zama kamar da shi ake.

Yanzu ga inda ƙungiyoyi ke mutuwa, kuɗi. Ba sai an ci ba, zargi kaɗai ya isa ya kashe ta. Ku sa kuɗin wata ɗan kaɗan wanda mai ƙaramin ƙarfi zai iya, wanda ba shi da tsaba ya kawo tiya ɗaya ta gero ko masara da kaka, a auna a rubuta a sayar, wanda ba shi da ko wannan ya kawo ƙarfinsa ranar gayya, shi ma a rubuta. Ku sayi littafi mai kauri da kundin rasit, duk naira ɗaya da ta shigo ko ta fita ta shiga littafi a ranar, ba gobe ba. A kowane miting ma'aji ya miƙe ya karanta, an samu kaza, an kashe kaza wajen siminti da kuɗin mota, saura kaza, sannan a ɗauki hoton shafin a tura guruf na WhatsApp don 'yan Kano da Legas da Abuja su gani da idonsu, su ne fa za su fi turo kuɗi, kuma in ba sa ganin lissafi za su yi shiru ne kawai su daina ba tare da sun ce muku komai ba. Kar a dinga tara kuɗin a akawun ɗin mutum ɗaya, in ya rasu ko iyalinsa suka shiga wani hali rabuwa da kuɗin na da wuya. In wani ya ba da fili kyauta a rubuta takarda, dagaci da shaidu su sa hannu, saboda magada.

Bayan kun yi aiki ɗaya ko biyu sai a zo maganar takardu. A Najeriya ku fara da ƙaramar hukuma, sashen walwala da ci gaban al'umma na yi wa ƙungiyoyi rajista kuma ba shi da tsada. Ita rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta tarayya, sai kun ga za ku nemi tallafi daga waje ko buɗe akawun da sunan ƙungiya. Dokar kamfanoni ta 2020 ta tanadi rajistar amintattu, wato waɗanda za su tsaya da sunan ƙungiya a gaban doka, ana buƙatar mutum 2 aƙalla, da tsarin mulki, da bayanin taron da aka zaɓe su, sai a buga sanarwa a jaridu 2 a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan satifiket ya fito banki zai iya neman takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, kuma duk shekara akwai rahoton da za ku miƙa wa CAC, mutane da yawa na mantawa da wannan har tara ta hau kansu. In kun buɗe akawun, a sa hannun mutum 2 cikin 3 kafin kuɗi su fita.

'Yan siyasa za su zo, musamman in zaɓe ya gabato. In ɗan majalisa ya kawo siminti ku karɓa ku gode masa a bainar jama'a ku rubuta a littafi, amma kar hular wata jam'iyya ta hau kan ƙungiya, don ranar da ta hau rabin gari sun fita.

Abin da muka koya a makare shi ne kuɗin gyara. Famfon nan wata takwas ya sake tsayawa, asusu kuma babu komai don mun juye shi a kan rufin aji. Yanzu kowane gida na ba da ɗan abu duk wata na famfo kaɗai, ba a taɓa shi don wani aiki, mun sa samari biyu sun bi mai gyaran sun koyi zare bututu da canja roba, robobin kuma muna ajiye guda biyu a gidan ma'aji. In jiharku na da hukumar ruwan karkara ta RUWASSA ku kai mata takarda, ku tambayi ko suna horar da masu gyara.