Kurakuran da sababbin masu hawa dutse da rediyo ke ta maimaitawa, musamman in su biyu ne

Na gaji wallahi. Asabar ɗin da ta wuce wani ƙaninmu ɗalibi a nan arewacin Ingila, wanda bai fi wata uku da karɓar lasisin yin magana da rediyo na masu sha'awa ba, ya kira ni da daddare yana ƙorafi wai ya ja abokinsa sun hau dutsen Ingleborough, sun dawo ba maki ko ɗaya, ga shi abokin ma ya daina ɗaga masa waya. Na ce ba ni labari, yana faɗa ina jin kamar nawa ake maimaita min. To bari in rubuta sau ɗaya in huta, duk wanda ya sake tambayata in tura masa.

Ga wanda bai san harkar ba, SOTA ake ce mata, wato Summits on the Air, wasan magana da rediyo daga kan duwatsu, an fara ta a Birtaniya a 2002. Ka goya rediyonka da batir da eriya ka hau dutsen da ke cikin jerinsu da ƙafarka, ka yi magana da tasha huɗu daban-daban, wato wasu masu rediyo irinka, sai a ba ka makin dutsen, daga 1 zuwa 10 gwargwadon tsayinsa, kuma sau ɗaya a shekara kake cin makin kowane dutse. Wanda ya tara 1000 shi ake wa laƙabi da akuyar dutse, kuma mutane na alfahari da sunan, ikon Allah.

Babban kuskuren ba a rediyo yake ba, a mutumin da ka ja yake. Kai kana da abin yi a sama, kunnenka na cikin rediyo, jininka na tafasa don ga wani daga Sifen ga wani daga Jamus suna rububin kiranka, ba ka ma jin sanyin. Shi kuwa wanda ya raka ka zaune yake kawai a kan dutse mai sanyi yana kallon ƙeyarka, da rigar da ta jiƙe da gumin hawa, iska na kaɗa shi. Ni da matata na yi wannan wautar, a kan Pen-y-ghent, dutse mai mita 694, ƙarshen watan Nuwamba. Mun taso daga Horton a makare don sai da muka kai yara gidan maƙwabta, muka isa sama wajen ƙarfe biyu, na ce mata Hajiya minti ashirin kacal, in samu huɗun nan mu sauka. Ta ce to Malam. Ta zauna jikin katangar duwatsun nan da ta ratsa saman, ni kuma na shiga kafa sanda. Minti ashirin ɗin a kafa eriya kawai suka ƙare saboda iska ta kayar min da sandar sau biyu. Na samu huɗuna a zangon rediyo na mita 40 cikin minti biyar, da ina da hankali da nan na naɗe kayana, amma ina, kwaɗayi mabuɗin wahala, na ce bari in leƙa zangon mita 20, sai ga Amurka ta buɗe, wani daga can ya ba ni rahoton sigina mai kyau da wat biyar ɗina kacal, ai sai kaina ya kumbura na manta da wata Hajiya a duniya.

Tun tana cewa Malam lokaci fa, har ta yi shiru, ni kuma gogan naka na ɗauka haƙuri ta yi. Ashe shirun nan shi ne abin tsoro. Da na juyo bayan awa ɗaya da rabi na ga tana ta kokawa da murfin fulas ɗin shayi, yatsun sun ƙi kamawa, leɓenta ya canza launi, na yi mata magana tana amsawa a hankali kamar mai magagin barci. Nan cikina ya ɗuri ruwa. Na yaɓa mata rigata a kan tata, na ɗura mata shayi mai sukari, wayar eriyar ma ban naɗe ba cusa ta na yi a jaka kamar taliya, muka kama hanya rana na faɗuwa, don a wannan lokacin ƙarfe huɗu ta faɗi a nan, ga tocila babu sai ta wayar hannu. Allah Ya rufa asiri jikinta ya dawo da muka yi tafiya. A mota ba ta ce min uffan ba har gida, washegari ne ta ce, Malam duka-duka maki nawa ne? Na ce huɗu. Ta ce to yanzu na san farashina. Shekara guda cur ba ta sake bina ba, kuma ban ga laifinta ba.

Kada wani ya ce min ai shi ɗan Jos ne ya san sanyi, ko ya sha hunturun Kano. Ba iri ɗaya ba ne ɗan'uwa. Namu busasshe ne, wannan jiƙaƙƙe ne ga iska, kuma duk mita 1000 da ka hau zafin na raguwa da wajen digiri shida da rabi, kafin ma a yi maganar iskar. Rigar auduga kuwa in ta sha gumi ba ta bushewa, manne maka take kamar an jiƙa tsumma.

Abin da nake yi yanzu, ban ce kowa haka yake ba, nawa ne. Agogo a hannunta yake, ba a nawa ba. Tun a mota muke yanke lokacin sauka, in ta ce lokaci ya yi ko Ostareliya ce ke kirana cewa nake jama'a sai wani jiƙon, in kashe. Da mun isa sama kafin in taɓa sanda, kowa ya ƙara riga tun jikinsa na da ɗumi, ba sai ya fara rawar ɗari ba, a shimfiɗa 'yar katifar soso a zauna a kai, a sha shayi. In iska ta yi yawa muna da wani buhun leda mai kauri da masu hawa dutse ke amfani da shi, mutum biyu su shiga su zauna a kan bakinsa, cikin minti kaɗan numfashinku ya ɗumama shi, ba shi da wani nauyi. Sannan ka ba mutum aiki mana! Ita ke rubuta lambobin kiran tashoshin da na yi magana da su da lokaci, ita ke riƙe sanda in ina ja waya. Mutum in yana da abin yi ba ya jin an mai da shi ɗan dako. Daga wannan rubutun ne ma abin ya shiga ranta har ta zauna jarrabawa ta karɓi nata lasisin na matakin farko.

Nan kuma sabuwar matsala ta ɓullo, wadda duk masu hawa su biyu da lasisi ke faɗawa. Kowa ya kafa tasa eriyar taku goma tsakani, ka danna magana ka toshe mata kunne, ta danna ta toshe maka, ku ƙare kuna hararar juna. In dole sai rediyo biyu, ɗaya ya tsaya a zangon mita 2 da oba-oba ɗaya ya yi gajeren zango, ku nisanta iya yadda wurin ya ba ku. Mu dai rediyo ɗaya muke kafawa mu riƙa miƙa wa juna makirfo, in na gama da mutum in ce tsaya ga wata tashar, ta karɓa da lambarta. Ku sani kowa sai ya cika nasa huɗun, kuma kiran da kuka yi wa juna kuna kan dutse ɗaya ba ya cikin lissafi, kada ku wahalar da kanku da wannan dabarar, an riga ku tunaninta.

Na biyun da ya ci min rai shi ne raba kaya. Wannan da wani abokina ne, Helvellyn muka nufa, mita 950, maki goma cif. Don a rage nauyi muka ce ni in ɗauko rediyo da batir, shi ya ɗauko eriya da sanda da kebul. Kowa ya cika alƙawari, ba wanda ya manta komai. Mun sha hawa kusan awa uku, muka kafa komai tsaf, na zo jona kebul sai na ga bakinsa irin babban nan ne mai murɗawa, PL-259, rediyon da na ɗauko ranar kuwa ƙaramin baki gare shi, BNC kaɗai. Adaftar da ba ta kai girman dabino ba tana gida cikin durowa. Na ce Alhaji ina adafta, ya ce au ni na zata tana jikin rediyonka, na ce ni ma na zata tana jikin kebul ɗinka. Ɗan hakin da ka raina. Mun gwada tura tsirarar waya mu riƙe da hannu, mun yi ta dabara yatsu na daskarewa, ba abin da ya fita. Oba-oba kuma ba wanda ya ɗauko don kowa na ganin ai muna da babba. Haka muka ci burodinmu muka sauko, man mota na awa biyu zuwa awa biyu dawowa ya tafi a banza, kuma har yau in muka haɗu sai ya ce min ina adafta.

Tun ranar na kafa wa kaina doka. Daren tafiya a bayan gida nake haɗa tashar gaba ɗaya, sanda a tsaye, waya a miƙe, batir a jone, in kunna in ji tana karɓa in duba tana fitarwa, sannan in riƙa kwancewa ina zubawa a jaka kai tsaye, abin da ya fita daga jikin tashar ba ya taɓa ƙasa sai cikin jaka. Kuma duk abin da ya shafi rediyo jaka ɗaya yake shiga, ta mutum ɗaya. In ana son raba nauyi ɗayan ya ɗauki ruwa da abinci da buhun ledar. Wasu na cewa jerin kaya a takarda ya isa, su je su yi, mu ma ranar Helvellyn takardarmu ta cika.

Sai ku masu oba-oba samfurin Baofeng. Ban raina ta ba, da ita na fara, kuɗinta ba ya karya mutum. Amma ka hau da ita dutsen da ke da dogayen ƙarafan sadarwa irin Winter Hill kusa da Bolton, inda dogon ƙarfen talabijin yake, sai ta kurmance. Kana ta kira, mutane na jinka suna amsawa, kai ba ka jin kowa, ka sauko kana cewa ba kowa a iska alhali kai ne ba ka ji. Abin da ya sami ƙanin namu ke nan a wani hawan da ya yi kafin Ingleborough, kuma maimakon ya tambaya sai ya ƙara mata doguwar eriya, abin ya ƙara lalacewa don ƙarin hayaniya ya jawo mata. Ka ari oba-oba samfurin Yaesu ko da tsohuwa ce ka ji bambanci. A dutsen da ba ƙarafa kuwa, cire 'yar guntuwar eriyar roba da aka sayo ta da ita, ka ɗaga ta kirki a kan sanda.

Shi a Ingleborough ɗin abin da ya kashe shi daban ne, bai sanar da kowa zai hau ba. Haba! Ka sa sanarwa a SOTAwatch, shafin sanarwar SOTA a intanet, tun daren tafiya, in ka isa ka sake sawa cewa ga ka a mita kaza, masu farautar duwatsu, wato masu neman magana da wanda ke kan dutse, na zaune a gida suna jira. Shi ko ya hau shiru ya yi ta kira har muryarsa ta dishe, da ya gaji ya shiga ta tashar da ke maimaita sigina ya samu mutum huɗu yana murna, bai san wannan ba a lissafa ta ba, sai kai tsaye.

Sauran ƙanana ne, ba sai na ja ba. Ka yi kira a 145.500 MHz, mitar da ake fara kira a kanta, in an amsa ku matsa wata mitar, ba wurin hira ba ne. Lokaci da UTC ake rubutawa, wato agogon GMT, in bazara ta shigo agogon Ingila ya yi gaba da awa ɗaya sai ka ga sabo ya cika littafinsa da kuskure. Fensir, ba biro ba, biro na ƙin rubutu a takarda mai laima. Ba dole ka zauna a kan ƙololuwar daidai ba, an yarda ka sauka har mita 25 ƙasa da tsayin ƙololuwar, don haka ka daina shimfiɗa wa mutane waya a inda suke ɗaukar hoto, na taɓa ganin ta harɗe ƙafar wata tsohuwa da karenta. Daga cikin mota ba ya halatta, janareta ma haka. Batir da wayar hannu a aljihun ciki kusa da jiki, sanyi na zuƙe su, kuma ka riƙe taswirar takarda. In ka ji rediyo na ƙaras-ƙaras hadari na haɗowa, kwantar da sandar nan ku sauka, kai ne abu mafi tsayi a wurin. Ka faɗa wa wani a gida dutsen da za ku da lokacin dawowa, in abu ya ɓaci 999 za ka kira ka nemi 'yan sanda ka ce masu ceto a dutse kake so. Alwala ka yi ta a ƙasa, da hunturu azahar da la'asar duk a hanya za su same ka, kuma ruwan da ke saman dutse ba na zuba wa ƙafa ba ne.

In ka je gida hutu kuma, don Allah kada ka ɗauki oba-oba da sanda mai mita bakwai ka hau Dala ko Kufena kana cewa ai kana da lasisin Ofcom, hukumar sadarwar Birtaniya. Ba ya aiki a can, sai ka nemi na ƙasar, kuma da yanayin tsaron da ake ciki kafin ka gama bayanin mene ne SOTA ka kwana a inda ba ka so.

Ƙanin namu na ce masa ya bar maganar maki tukuna, ya sayi tsire ya je ya ba abokinsa haƙuri, don da na matsa da tambaya ashe awa biyu ya bar yaron a zaune da wandon jins da takalmin ƙwallo. Wata mai zuwa zan kai su The Cloud su biyun, mita 343 ne, maki ɗaya, ba a rabin awa an kai sama. Hajiya ta ce za ta zo, kuma ita za ta riƙe agogo.