Yadda za ki gane kalar kayan da ke karɓar fatarki kafin ki kai wa tela

Bara da bikin ƙanwar maigidana aka fitar mana da anko, leshi ruwan toka mai haske, a shago ya burge ni sosai har ina cewa a ƙara min yadi ɗaya, to ranar kamu da aka fara turo hotuna a guruf na ga kaina sai ka ce wadda ta tashi daga jinyar taifot, ita kuwa ƙawata da muka yanki leshi ɗaya kuma tela ɗaya ya ɗinka mana sai ƙyalli take. Kuma fa ba ta fi ni haske ba, dukkanmu wankan tarwaɗa ne. Tun daga nan na daina yarda da zancen nan na wai fara komai ta sa yana mata kyau, baƙa kuma ta guji kaza da kaza. Ba nan take ba wallahi.

Da farko ki wanke fuskarki tas, ba hoda ba jan baki, ki ɗauki madubi ki fita tsakar gida ki tsaya a inuwa, da hantsi ko bayan la'asar. Kar ki yi a ɗaki ƙarƙashin ƙwan lantarki, farin ƙwan nan yana sa fata ta yi fari-fari, mai ruwan ɗorawa kuma yana ƙara miki ja ɗin da ba naki ba. In kina shafa man da ya sa fuskarki ta fi jikinki haske to wuyanki da ƙirjinki za ki duba, su ne ba sa ƙarya.

Na biyu, ki gano abin da ke ƙarƙashin kalar taki. Mata biyu za su iya zama baƙaƙe iri ɗaya amma baƙin ɗaya yana da ja-ja ko ruwan zuma a ciki, na ɗayar kuma ya yi sanyi kamar akwai shuɗi-shuɗi a ƙasa. Haka farare ma, wata farinta ya karkata ruwan ƙwai, wata kuma ruwan hoda. Za ki ji ana cewa a duba jijiyar hannu ko koriya ce ko shuɗiya, wannan dabarar Turawa ce, yawancinmu jijiyar ma ba a ganinta sosai. Abin da ya fi sauƙi ki samo farin ƙyalle fari ƙal da wani ruwan madara, ko hijabin sallarki ne, ki kara kowanne ƙarƙashin haɓarki ki kalli FUSKARKI ba ƙyallen ba. Wanda ya karɓe ki za ki ga idonki ya yi haske, baƙin ƙasan ido ya ragu, wanda bai karɓe ki ba kuma duk wani tabo da ƙurji sai ya fito fili. Dalili kuwa yadin yana mayar da haske ne kan haɓa da kumatu, kalarsa na hawa fatarki. Sai ki ƙara da ɗan kunne, gwal a kunne ɗaya azurfa a ɗayan. In ruwan madara da gwal suka fi, ke mai ɗumi ce. In fari ƙal da azurfa ne, mai sanyi. In kin rasa wanda ya fi to Allah ya kashe ya ba ki, kusan komai zai shiga.

Na uku shi ne inda maganar take, wato kalolin nan marasa hayaniya masu shiga da komai, waɗanda ake yin abaya da mayafi da hijabi da shadda da su: fari, baƙi, ruwan madara, ruwan toka, ruwan ƙasa, kaki, nebi wato shuɗi mai duhu. Mutane na ɗauka tunda ba su da hayaniya ba sa ɓata kowa, alhali su suka fi saurin kashe fuska don ba wani zane ko fulawa da zai ɗauke ido.

Mai ɗumi, naki su ne ruwan madara, ruwan zuma, kofi mai duhu, ruwan makuba, koren nan mai duhu irin na kakin soja. Ruwan toka mai haske kuwa ki yi hankali da shi, shi ne ya kunyata ni a bikin nan, in dole sai toka to ki nemi mai duhu ko wanda ya ɗan sirka da ruwan ƙasa. Mai sanyi kuma fari ƙal, ruwan siminti, toka mai duhu kamar gawayi, nebi, baƙi wuluk, duk nata ne, amma kaki da ruwan ƙasa mai ɗorawa-ɗorawa sukan sa ta yi kamar ta kwana ba barci.

Kuma dan Allah a daina hana baƙaƙen mata sa fari da baƙi. Baƙar mace cikin farar shadda ko ruwan madara, ai ba a magana, dubi dattijanmu ranar Juma'a cikin farar babbar riga mana. Baƙi ma yana mata kyau in yadin na da sheƙi ko an yi masa aiki a wuya da zare mai haske. Nebi kuwa ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba, mace ko namiji, fari ko baƙi, kuma ba yau aka fara ba, marinar Ƙofar Mata a Kano da ake cewa tun 1498 take da baba ake rini, sannan turkuɗin da ake bugawa a Kura wanda Buzaye ke naɗawa har shunin ya hau musu fata, ado ne a wurinsu. In kin rikice a kasuwa kin rasa na ɗauka, ɗauki nebi.

Na huɗu gajere ne: kar kalar yadi ta zo daidai da kalar fatarki. Cakulet ta sa mayafi cakulet, ko fara ta sa ruwan madarar da ya yi kalar jikinta sak, daga nesa ba a gane ina fuska ta ƙare ina mayafi ya fara. Ko dai ya fi ki duhu sosai ko ya fi ki haske sosai.

Na biyar, ki sa kuɗinki a abin da ke kusa da fuska. Zani ko siket ko wace kala ce ba ruwan fatarki, ɗankwali da mayafi da wuyan riga su ne masu aikin. Shi ya sa mai hijabi ta fi kowa buƙatar wannan gwajin don ita fuskar kaɗai ake gani zagaye da kala ɗaya. Gara hijabi 3 da suka karɓe ki da guda 10 da kika saya don suna yayi. Maigida ma haka, in shaddar ta yi masa fayau a fuska to hula ce za ta gyara, zanna ko kube mai zare ruwan hanta ko nebi a ciki.

Sai ranar sayayya. A Kantin Kwari shaguna da yawa a cikin lungu suke ko bene, ƙwan lantarki ne ke ci dare da rana, ki ce wa mai shago Alhaji dan Allah bari in fita da shi haske, ba sa hanawa, in ya so yaron shago ya bi ki. Ki warware ki yafa a kafaɗa, kar ki duba a naɗe cikin leda. Atamfa kuwa ki sa a riƙe miki ki ja baya taku uku, kalar da ta rinjaya daga nesa ita ce kalar atamfar, ba ƙananan fulawoyin da suka ja hankalinki ba, turmi yadi 6 ne in kin yi kuskure duk shi za ki sa. Shadda kuma ki tuna sheƙin sabunta yana rufe aibi, ko Getzner ce ta Ostiriya in ta sha wanki sheƙin zai ragu sai an kai bugu, don haka ki zaɓi kalar da za ta karɓe ki ko ba ƙyalli. Masu saye a WhatsApp da Instagram ku ce a ɗauko muku bidiyo a waje ba filta, a kara a hannun mutum, ruwan toka da ruwan siminti da kaki a hoto duk ɗaya suke fitowa.

Wani abu kuma lokacin hunturu fata na yin furu-furu, in kika haɗa da ruwan toka abin ya zama biyu, baƙi kuma ƙura ce za ta nuna a jikinsa kafin ki isa bakin titi, ni dai lokacin nan ruwan ƙasa mai duhu da kofi nake ja, in shafa man kaɗanya sosai.

Leshin nan nawa kuwa ban yar ba, kuɗi na sa. Mayafi ruwan hanta na nemo masa da ɗankwali kalar, na sa sarƙar gwal, na je da shi sunan 'yar maƙociyarmu, ita ƙawar tawa ma sai da ta tambaye ni yaushe na yi sabon ɗinki.