Kurakuran da aka fi yi wajen karanta hasashen hadarin bazara da yadda za a gyara su

Hadarin bazara daban yake da ruwan tsakiyar damina. A wannan lokaci rana ta fara gasa ƙasa, iskar da ke kusa da ƙasa ta ɗau zafi da laima, alhali can sama sanyin hunturu bai gama janyewa ba. Iska mai zafi ba ta da nauyi, da zarar ta sami abin da zai tunkuɗa ta sai ta yi sama a guje, gajimare ya yi ta hawa har kilomita 12 ko fiye. In kuma iskar sama ta fi ta ƙasa gudu, ko alƙiblarsu ta sha bamban, hadarin yakan daɗe bai mutu ba, wani lokaci har ya riƙa juyawa. Daga nan manyan ƙanƙara ke fitowa, da iskar da ke yaye kwano, da guguwa mai murɗawa. Hukumar yanayi ta Amurka tana kiran hadari mai tsanani idan faɗin ƙanƙararsa ya kai santimita 2.5, ko gudun iskarsa ya kai kilomita 93 a awa, ko ya haifar da guguwa.

Kuskuren farko yana wajen lambar da ke kan waya. Mutum ya ga kashi 30 cikin 100, sai ya ɗauka yayyafi ne za a yi. Lambar ba ta faɗi ƙarfin ruwa ba ko kaɗan. Abin da take nufi shi ne yiwuwar ruwa ya sauka a inda kake cikin awannin da aka ambata. A ranar da hadari ke tashi jefi-jefi, gari bakwai na iya wuni ko ɗigo ba su gani ba, uku kuma su sha ƙanƙara. Gyaran shi ne a daina tsayawa kan lamba da ɗan hoton gajimare, a buɗe rubutaccen bayanin hukumar yanayi, a nemi abu uku: wane irin haɗari ake tsoro, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, kuma daga wace kusurwa hadarin zai taso.

Irin wannan kuskuren ake yi da taswirar launuka da ke nuna matakin haɗari. Cibiyar hasashen guguwa da ke garin Norman a jihar Oklahoma ta Amurka tana kasa haɗarin zuwa mataki 5, kuma mutane da yawa ba sa motsawa sai sun ga mataki na 4 ko na 5. Matakin yana auna yawan hadarin da ake sa rai da faɗin wurin da zai shafa, shi ya sa ko a mataki na 2 hadari guda ya isa ya kayar da bishiya a kan gida. Kason da ake rubutawa a taswirar yana nufin yiwuwar guguwa, ƙanƙara ko iska mai ƙarfi ta auku cikin tazarar kilomita 40 daga inda kake. Kashi 5 na guguwa zai yi kamar ba komai ba ne, amma ya ninka na ranar da babu hadari sau da yawa. Layin da ya raba launi da launi kuwa ba katanga ba ne. Wanda garinsa ke gab da layin ya yi shiri irin na waɗanda ke ciki.

Kuskuren da ya fi cutar da mutane, a ganinmu, shi ne yarda da hasken safiya. An ce yau akwai hadari mai tsanani, ga shi hantsi ya dubi ludayi sama tas, rana tana ƙwallewa, sai a ce ai masu hasashe sun yi ƙarya. Zafin ranar nan shi ne makamashin hadarin. Sau da yawa akwai wani shimfiɗin iska mai ɗumi a tsakanin kilomita 1 zuwa 3 daga ƙasa, wanda ke danne iskar ƙasa kamar murfi a kan tukunya. Muddin murfin yana nan gajimare ba zai tashi ba, zafi da laima sai taruwa suke yi a ƙarƙashinsa. Abu biyu ne ke faruwa. Ko dai murfin ya riƙe har rana ta faɗi, a kwana ba a ga komai ba, ko kuma ya fashe da la'asar, ɗan farin gajimaren da ka gani a gefen gari ya zama baƙin hadari cikin ƙasa da awa ɗaya. Bambancin zafi na maki ɗaya ko biyu kan raba tsakanin waɗannan biyun, shi ya sa masu hasashe ke faɗin yiwuwa maimakon tabbaci. Illar ita ce in an yi shiri sau biyu ba a ga ruwa ba, a karo na uku sai a ƙi yi. Alamar da ya kamata a sa wa ido ita ce gajimaren da ke hawa tsaye kamar hasumiya, gefensa a murɗe da kaifi, sannan kansa ya baje kamar maƙera. In an ga haka, murfi ya riga ya buɗe.

Akwai kuma riƙe tsohon hasashe. Na kwana uku yana nuna yankin da za a sa wa ido ne kawai, lokaci da wuri ba sa fitowa sosai sai a ranar. A duba da dare, a sake dubawa da safe, a kuma duba da azahar. Hoton rada, na'urar da ke hango hadari, da ke kan waya ma yakan makara da minti 5 zuwa 10. Hadarin da ke tafiyar kilomita 60 a awa ya ci kilomita 10 cikin minti goman nan, wato ya fi kusa da kai fiye da yadda allon ke nunawa.

Sanarwa iri biyu ce, kuma ana yawan cakuɗa su. Ta farko tana cewa a zauna cikin shiri: yanayi ya dace da tashin hadari a yanki mai faɗi, yawanci na awa 4 zuwa 8. Ta biyu gargaɗi ne, an riga an ga hadarin da ido ko a na'ura, mintoci kaɗan suka rage. Ba a fafe gora ranar tafiya. A lokacin ta farko ake cajin waya da tocila, a shigar da kujeru da duk abin da iska za ta iya ɗauka, a kawar da mota daga ƙarƙashin bishiya, a kwashe sharar da ta toshe magudanar ruwa. In gargaɗi ya zo, aiki ɗaya ne ya rage: a shiga ɗakin tsakiya a hawa na ƙasa, nesa da taga. Kada a ɓata lokaci wajen buɗe tagogi wai don iska ta wuce, hanya kawai ake ba ta ta shigo ta ɗaga rufi. Kuma kada a sa waya a yanayin shiru a kwanta, domin hadarin dare ba a ganin tahowarsa.

Game da tsawa, kuskuren shi ne jiran ruwa ya fara sauka. Aradu na iya faɗuwa kilomita 15 daga inda ake ruwan. Ƙara tana tafiyar kilomita ɗaya cikin daƙiƙa 3, don haka a ƙirga daga ganin walƙiya zuwa jin cida, a raba da 3. Daƙiƙa 30 kilomita 10 ke nan, kuma tuni kana cikin haɗari. Gindin bishiya da buɗaɗɗiyar rumfa ba mafaka ba ne. Gini mai bango da rufi ake nema, ko mota mai rufin ƙarfe da gilasai a rufe, domin jikin ƙarfen ne ke kai wutar ƙasa, tayoyi ba su da hannu a ciki. A cikin gida a guji wanka da taɓa famfo da kayan da ke jone da lantarki. Ruwa ya ɗauke ba ya nufin an gama, a jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe. Wanda aradu ta taɓa ba ya riƙe wuta a jikinsa, a taimake shi nan take, in numfashi ya tsaya a fara danna ƙirji kafin masu agaji su iso.

Ruwan da ya haye hanya yana yaudarar direbobi saboda ba a ganin zurfinsa, balle a san ko ya cinye kwaltar da ke ƙasa. Santimita 15 na ruwa mai gudu ya isa ya kayar da babban mutum, 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci. A juya a nemi wata hanya. Kada kuma a tsaya ƙarƙashin gadar sama don gudun guguwa, iska tana ƙara gudu a wurin kuma tarkace na biyo ta.

Bayan hadari ya wuce, duk wayar lantarkin da ta faɗi a ɗauka da wuta a jikinta, a ba ta tazarar mita 10, kada a taka ruwan da ta taɓa. Janareto kuma a waje ake kunna shi, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, domin iskar gubar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana iya kashe mai barci a rufaffen ɗaki.