Kafin Sanyi Ya Dawo, Ku Kai Iyali Duluth

Wanda ya sauka a jihar Minnesota ta Amurka cikin watan Yuni yana iya zaton haka ƙasar take kullum: ganye shar, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare, yara na ta guje-guje a waje. Wannan daɗin na wata uku ne kacal, daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta, in an yi sa'a ya ɗan taɓa Satumba. Daga nan sanyi ke sallama, dusar ƙanƙara ta biyo baya, yara su shafe watanni daga makaranta sai ɗaki. Shi ya sa mutanen nan ba sa wasa da lokacin zafi. Duk ranar Juma'a da yamma titin arewa cike yake da motoci, wasu da kwale-kwale a ɗaure a sama.

Mu kuwa mukan ce nema ya kawo mu ba yawo ba, sai a ƙara sa'o'in aiki. Na san akwai kuɗin haya, akwai na gida masu jiran aike. Duk da haka ina roƙon ku, maigida da uwargida, ku ware kwana biyu ku fita da yaran nan. Su ma baƙunci ke cin su, ba su da bakin faɗa ne kawai. Idan kuna Minneapolis ko Saint Paul, wurin da zan fara nuna muku shi ne Duluth, domin mafi daɗin abin da ke garin ba a biyan ko sisi a kansa.

Tafiyar mil 150 ce da 'yan kai, kamar awa biyu da rabi, a kan babban titin I-35, wanda ƙarshensa a Duluth yake. Akwai bas daga Minneapolis ga wanda bai yi mota ba tukuna. Dab da shiga gari akwai wurin hutawar matafiya a kan tudun Thompson Hill. Ku tsaya a nan. Daga wurin za ku hango garin a zube a jikin tudu, da tashar jiragen ruwa, da ruwan da ido ba ya kai ƙarshensa. Tafkin Superior ke nan. A faɗi babu tafkin ruwan daɗi da ya kai shi a duniya, murabba'in kilomita kusan 82,000, wato ya fi jihar Neja gaba ɗayanta.

Ku fara da unguwar Canal Park, inda aka haƙa mashigar da jirage ke bi zuwa tasha. A kanta akwai gadar ƙarfe da ake kira Aerial Lift Bridge, wadda aka gina a 1905, aka mayar da ita mai ɗagawa a 1930. Idan jirgi ya tunkaro sai a kaɗa ƙararrawa, a tsayar da motoci, titin gadar gaba ɗaya ya tashi sama a kwance cikin kamar minti ɗaya. Wasu jiragen tsawonsu ƙafa 1,000, sun fi filin ƙwallo biyu, kuma suna wucewa dab da bango har yaro ya ɗaga wa ma'aikatan ciki hannu su amsa masa. Matuƙin kan busa jiniya, doguwa ɗaya gajeru biyu, mai kula da gada ya mayar masa da irinta. Ƙarar na da ƙarfi, mai goyo ta rufe wa jariri kunne. Jiragen na ɗibar taman ƙarfe daga ma'adinan arewacin jihar da kuma hatsi, wasu kuma daga tekun Atlantika suke shigowa ta hanyar kogin Saint Lawrence da aka buɗe wa manyan jirage a 1959, tafiyar da ta haura mil 2,000. A gindin gadar akwai gidan tarihin jiragen ruwa, shiga kyauta ne, kuma ana nuna lokacin da ake sa ran kowane jirgi. Ku duba tun da safe ku tsara yininku a kai. Yaron da ya ga gadar nan ta ɗaga wa babban jirgi zai yi sati yana ba da labari.

Daga nan hanyar ƙafa ta Lakewalk ta bi bakin ruwa ta yi nisa, shimfiɗaɗɗiya ce, keken jariri na tafiya a kai ba wahala. A can gabashin gari akwai Brighton Beach, gaɓa ce ta duwatsu da tsakuwa, inda yara ke iya yini suna jifan ruwa suna neman wani dutse mai zanen ja da fari, agat, wanda jihar ta ɗauka a matsayin dutsenta. Da yamma ku hau tudu zuwa hasumiyar Enger, mai hawa biyar, wadda yarima mai jiran gadon Norway ya buɗe a 1939. Ita ma kyauta ce.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, ku saurara da kyau. Ruwan tafkin nan sanyi gare shi ƙwarai. Can ƙasa bai cika wuce maki 4 a ma'aunin Selshiyas ba duk shekara, kuma a Yuni ko na bakin gaɓa sau da yawa ba ya kai maki 10. Sai ƙarshen Yuli da Agusta yake yin dama-dama. Wanda ya iya iyo a kogin garinsu kada ya ruɗi kansa, domin ruwa mai irin wannan sanyi na ɗauke numfashi da zarar an faɗa, ya sandarar da hannu da ƙafa cikin 'yan mintuna. Idan wanka ake so, a ƙetare gadar zuwa Park Point, dogon tudun rairayi mai kusan mil bakwai, a je can ƙarshe inda ake da masu ceto a lokacin zafi. Akwai tutoci: kore ba laifi, rawaya a yi hattara, ja kada kowa ya shiga. Ranar da iska ta kaɗo daga arewa maso gabas, igiyoyi suka yi kyau, ruwan ya ɗan yi ɗumi, ranar ce ta fi haɗari, domin a lokacin ne ake samun wani jan ruwa da ke fizgar mutum daga gaɓa zuwa ciki. Wanda ya kama kada ya yi kokawa da shi. Ya yi iyo a kaikaice, yana bin tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinsa, sannan ya nufo tudu. Na kan tudu kuma ya kira lambar gaggawa ta 911 ya jefa abin da ke iya tasowa a ruwa, kada ya faɗa ciki su zama biyu. Ku koya wa manyan yara wannan tun a mota. Kada kuma a bar kowa ya tsaya kan bangon mashigar jirage idan ruwa na tashi.

'Yan'uwa mata, babu wanda zai tilasta muku irin kayan wankansu, kuma akwai dogayen kayan iyo masu rufe jiki da ake sayarwa. Abin gudu shi ne shiga ruwa da zane ko abaya ko dogon hijabi, domin in suka jiƙe nauyi suke yi, suna naɗe ƙafa.

Sanyin ruwan na shafar garin ma. Sai ka baro zafi a kan tudu, ka gangaro bakin tafki ka tarar da hazo da iska mai ratsa jiki a tsakiyar Yuli. Kowa ya tafi da rigar sanyi. In ruwan sama ya hana fita, akwai gidan kifaye na Great Lakes Aquarium, da tsohon jirgin tama William A. Irvin da ake zagayawa da mutane cikinsa, da gidan tarihin jiragen ƙasa a tsohuwar tasha, inda kuma ake hawa jirgi a bi bakin tafki a dawo. Waɗannan duk da kuɗi ne, iyali mai yawa ya zaɓi ɗaya.

Batun abinci, ku yi guzuri daga gida. Naman halal ya fi sauƙin samu a shagunan 'yan Somaliya na Minneapolis, a soya kaji a dafa shinkafa a zuba a kula. Wuraren shaƙatawa da dama na da tebura, wasu har da murhun gashi, gawayi kawai za ku kawo. In za ku ci a waje, ku tambaya, domin naman alade na ɓuya a inda ba a zato: miyar shinkafar daji da jihar ke alfahari da ita sau da yawa ana sa mata shi, haka ma karin safe na otal. Abin da zan ce ku nema shi ne bandar kifin tafkin, ana sayar da ita a gari da shagunan kan hanyar arewa, mai son kifi ba zai yi nadama ba. Akwai masallaci a Duluth, Islamic Center of the Twin Ports. A waje kuma ku shimfiɗa darduma a gefe ku yi sallarku, alƙibla tana arewa maso gabas. Ku tafi da buta. Ku lura cewa a ƙarshen Yuni magariba sai bayan tara, asuba kuma tun wajen uku na dare.

Doka a kan yara tana da tsauri, kuma baƙo ne ya fi faɗawa ciki ba da sani ba. Jariri a kujerarsa mai kallon baya har ya shekara biyu, yaro kuma a kujerar da ta dace da shi har ya shekara tara. Ba a cusa yara biyar a baya, ba a ɗora yaro a cinya. Kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai a mota ko na minti biyar, masu wucewa za su kira 'yan sanda. A kwale-kwale dole ɗan ƙasa da shekara goma ya sa rigar ceto. Kamun kifi kuma sai da lasisi ga wanda ya kai shekara 16.

Rana ta biyu ku bi titi mai lamba 61 da ya rungumi gaɓa ya yi arewa. Bayan mil 40 akwai Gooseberry Falls, inda kogi ke zubowa daga dutse hawa-hawa, hanyar zuwa gajera ce, ko tsohuwa za ta iya. Duwatsun na da santsi, a riƙe hannun ƙanana. Gaba kaɗan akwai hasumiyar fitila ta Split Rock a kan tsauni, wadda aka kunna a 1910 bayan guguwar Nuwambar 1905 ta farfasa jirage da yawa. Duk wanda ya shiga ciyawa ko daji a duba jikinsa da dare, har gashin kai da bayan kunne, saboda kaska. Wata ƙarama ce ƙwarai kuma tana kawo cutar Lyme. In an ga jan tabo na faɗaɗa ko zazzaɓi ya biyo baya, a ga likita a gaya masa an je daji. Maganin sauro ma zai yi amfani.

Masauki ne ke cin kuɗi. Otal na bakin ruwa a Yuli da Agusta tsada gare shi, musamman ƙarshen mako. Ku kauce wa makon tseren Grandma's Marathon a Yuni da hutun 4 ga Yuli, domin gari kan cika maƙil. Tsakiyar mako ya fi sauƙi, haka kwana a kan tudu ko a garin Superior da ke ƙetaren gada. Garin a jihar Wisconsin yake, amma ba a tambayar wata takarda. Gida biyu na iya haɗa kai su kama gida guda mai kicin, a raba kuɗi, yara su sami abokan wasa. Titin 61 kuwa in aka ci gaba da binsa mil 150 daga Duluth, kan iyakar Kanada yake kaiwa. Wanda ba shi da bizar shiga can, ko takardunsa na zama a Amurka ba su kammala ba, ya juyo tun kafin ya kai shingen.