Yadda Ake Haɗa Zanen Barkwanci Daga Sunayen Cututtuka na Turanci

Akwai wani nau'in zanen barkwanci da ya yi farin jini a tsakanin ɗaliban kimiyya da likitoci da masu nazarin harshe, wanda ba kyawun zane ne ke riƙe da shi ba, domin sau da yawa mutanen cikinsa ba su wuce 'yan layuka da da'ira a madadin kai ba. Sirrinsa shi ne a ɗauki wata ƙa'ida ta gaskiya a bi ta sau da ƙafa, har a zarce inda masu harshen suka tsaya, sai abin da ya fito ya zama daidai a lissafi amma wauta a kunne. Sunayen cututtuka masu yaɗuwa a Turanci sun dace da wannan aiki ƙwarai, saboda yawancinsu haɗe-haɗe ne daga Girkanci da Latin da Italiyanci, kuma inda aka haɗa su bai ɓoyu ba ga wanda ya natsu ya duba.

Ka fara da tara kayan aiki. Ka nemi ƙamus ɗin Turanci mai bayyana asalin kalma, ka ware shafi guda, ka riƙa farfasa sunayen cututtuka zuwa saiwa da ɗafi. Ɗafa-ƙeyar "-itis" daga Girkanci take, kuma a wurin likitoci kumburi take nufi, shi ya sa ciwon hanta ya zama "hepatitis", sanƙarau kuma ya zama "meningitis", wato kumburin tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Ɗafa-ƙeyar "-emia" tana nuni da jini. Ta wajen goshi kuma, ɗafi uku ne suke hawa saiwar "demos" mai nufin jama'a: "endemic" ita ce cutar da ta samu gindin zama a wani yanki, "epidemic" ita ce annobar da ta faɗa wa mutane da yawa a lokaci guda, "pandemic" kuwa ita ce wadda ta game ƙasashe da nahiyoyi. Da zarar shafin ya fara cika za ka ga guraben da harshen bai cike ba, kuma daga waɗannan guraben ne raha ke fitowa.

Dabara mafi sauƙi ita ce liƙa "-itis" a bayan kowace kalma domin mayar da wata ɗabi'a ciwo, kamar yadda ɗaliban Amurka ke kiran lalacin shekarar ƙarshe ta makaranta "senioritis". Shawarata ita ce ka tsallake ta. An yi ta har ta gundiri kowa, kuma ba ta buƙatar sanin komai.

Wadda ta fi armashi ita ce ta yanke wa kalma wutsiya bisa zaton cewa ɗafi ce. Turanci ya sha yin haka da gaske: aikatau ɗin "diagnose" daga sunan "diagnosis" aka yanko shi, kuma "pea" ta samu ne lokacin da masu magana suka ɗauka cewa tsohuwar kalmar "pease" jam'i ce, suka cire mata sautin ƙarshe. To, cututtuka da dama suna ƙarewa da harafin "s" tamkar jam'i, alhali ana ɗaukar su a matsayin tilo a jimla. Ƙyanda ita ce "measles", hangum shi ne "mumps", ciwon haukan kare kuma "rabies". Tambayar da mai zane zai yi wa kansa ita ce: idan waɗannan jam'i ne, ina tilonsu, kuma yaya wanda ya kamu da guda ɗaya tak zai kasance?

Bari mu gina misali ɗaya daga farko har ƙarshe, a jerin akwatuna uku. A akwati na farko, ka zana majinyaci zaune a gaban likita da kunci ɗaya a kumbure, ɗayan kuma lafiya lau. Wannan ba ƙari ba ne, domin hangum yana kumbura maɓuɓɓugar yawu da ke gaban kunne, kuma wani lokaci gefe ɗaya kaɗai yake kamawa. Likita ya duba takarda da fuska a murtuke, ya ce sakamako ya fito. A akwati na biyu ya saki fuska ya ce an yi sa'a, "mump" ɗaya ne kacal. Mai zanen da bai ƙware ba a nan zai tsaya, amma wannan rabin aiki ne, domin mai karatu ya hango shi tun daga kuncin. Akwati na uku shi ne inda za ka shammace shi. Ka sa wani majinyacin ya leƙo da ƙurji ɗaya a goshi yana tambaya ko shi ma "pock" ɗaya gare shi, sai wata ma'aikaciyar jinya da ke wucewa ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, wannan kam daidai yake a nahawu. Kuma gaskiya ta faɗa, domin kalmar "pox" da ke cikin "chickenpox", wato ƙarambau, da "smallpox", wato agana, sauyin rubutu ce ta "pocks", jam'in "pock" mai nufin ƙurji. Da haka zolayar ta juya ta zama darasi: mai karatu ya zo yi wa likita dariya, ya tafi da sanin cewa harshen kansa ya riga ya yi wannan wautar tun da daɗewa.

A nan ne binciken ƙamus yake da amfani, domin ba duk "s" ɗin ƙarshe ne iri ɗaya ba. Na "mumps" jam'i ne a asali, daga wata tsohuwar kalma mai nufin yamutsa fuska. Na "rabies" kuwa ba jam'i ba ne ko kaɗan, haka kalmar take a Latin, daga aikatau mai nufin haukacewa, kamar yadda "herpes" ta fito daga Girkanci da ma'anar rarrafe. Za ka iya yin raha da kowanne, amma dole ka san wanne ne kake yi wa ƙarya da gangan. Masu karanta irin wannan zane mutane ne masu bin diddigi, kuma suna yafe zane mara kyau cikin sauƙi, amma ba sa yafe kuskuren da aka gabatar musu a matsayin ilimi.

Dabara ta gaba ita ce raba kalma a inda ba gaɓarta ba. Turanci ya saba da wannan ma. Bayan abin kunyar siyasar Amurka na Watergate a shekarar 1972, guntun "-gate" ya zama ɗafin da ake liƙa wa kowace badaƙala, haka kuma "-demic" ya ɓalle daga "epidemic" ya fara yawo shi kaɗai. Daga nan aka samu "infodemic", wadda David Rothkopf ya ƙirƙira a 2003 lokacin annobar SARS domin kwatanta ambaliyar labarai na gaskiya da na ƙarya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi amfani da ita sosai a 2020. Mai zane zai iya juya abin ta baya. Kalmar "academic" ba ta da wata alaƙa da annoba, domin daga sunan lambun da malamin falsafa Aflaton ya koyar a birnin Atina na Girka ta fito, amma ƙarshenta ya yi kama da na sauran. Sai ka zana jadawali irin na littafin karatu, ka jera "endemic" da "epidemic" da "pandemic" da ma'anoninsu na gaskiya, a layi na huɗu ka rubuta "academic" ka bayyana ta a matsayin cutar da ke yaɗuwa a jami'o'i ta hanyar taron ƙara wa juna sani. Layuka uku na gaskiya su ne ke ɗauke da nauyin na huɗu, saboda haka kada ka taɓa su, kada kuma ka sa musu gishiri.

Haka abin yake ga kalmomin da ba su da abokin gami. Idan akwai "infect", mai karatu zai ji kamar ya kamata a samu "outfect", wato fitar da cuta daga jiki, kuma likitan da ke faɗin haka da cikakkiyar natsuwa abin dariya ne. Sai dai kafin ka yi murnar ƙirƙira, ka tabbata kalmar ba ta nan tun da can. Wanda ya zaci shi ne ya ƙago "transfect", alal misali, zai sha kunya, domin masu binciken ƙwayoyin halitta sun daɗe suna amfani da ita wajen shigar da sinadarin gado cikin tantanin halitta.

Akwai kuma ɗaukar asalin kalma a zahirinsa. Sunan "malaria" daga Italiyanci yake, ma'anarsa gurɓatacciyar iska, domin a da an yi zaton iskar fadama ce ke kawo zazzaɓin, har sai da Alphonse Laveran ya gano ƙwayar cutar a jinin majinyata a Aljeriya a 1880, Ronald Ross kuma ya nuna hannun sauro a ciki a Indiya a 1897. Ita ma "influenza" daga can take, kuma tana nufin tasiri, wato tasirin taurari da aka ɗauka shi ne ke haddasa murar. Kalmar "vaccine" ta fito daga sunan saniya a Latin, saboda Edward Jenner ya yi amfani da aganar shanu wajen rigakafin agana a 1796, "quarantine" kuwa daga kwana arba'in ɗin da ake tsare jiragen ruwa a birnin Benis na Italiya a da lokacin annoba. Kowace daga cikinsu zane ne da ya kusa haɗa kansa, kamar likitan da ke tura mai mura wajen masanin sararin samaniya domin ƙarin bincike. Matsalar irin wannan raha ita ce ba ta aiki sai mai karatu ya san tarihin, don haka ko dai ka shigar da bayanin cikin bakin wani a akwati na farko, a jimla ɗaya gajera, ko kuma ka ajiye shi a ƙaramin rubutu a ƙasan zanen. Kada bayani ya biyo bayan dariya a cikin akwatin kansa, domin yana kashe ta.

Game da abin da za a zolaya, ka tsaya kan kalma da ƙwayar cuta da mai yawan gyara wa mutane nahawu, ka bar majinyaci da ƙasarsa. Wannan ba batun ladabi kaɗai ba ne, domin suna yana iya cutarwa da gaske. Murar 1918 da ake jingina wa Sifaniya ba a can ta faro ba. Ƙasar ba ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba, jaridunta suka riƙa ba da labarin cutar a fili yayin da ƙasashen da ke yaƙi ke ɓoyewa, sai sunan ya liƙe mata. A farkon binciken ƙanjamau a Amurka an yi wa wani majinyaci lamba da harafin "O" domin nuna cewa daga wajen Kalifoniya yake, aka karanta harafin a matsayin sifili, aka ɗora masa alhakin kawo cutar ƙasar, har sai da binciken da aka wallafa a 2016 ya wanke shi. Irin wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji a 2015 cewa a guji sa wa sababbin cututtuka sunayen wurare da mutane da dabbobi, kuma a Nuwamban 2022 ta sauya sunan ƙyandar biri zuwa "mpox". Ƙa'idojin kansu fili ne na raha mara cutarwa. A Nuwamban 2021, lokacin da hukumar ke bin haruffan Girkanci wajen sa wa nau'o'in korona suna, ta tsallake "nu" saboda yana kama da kalmar Turanci mai nufin sabo, ta tsallake "xi" saboda suna ne da mutane da yawa ke amsawa, ta sauka kan "omicron". Haruffa biyu zaune a ɗakin jira suna ƙorafin an yi musu tsallake a layi zane ne da ba zai ɓata wa kowa rai ba.

Da ka zo zanen ƙwayoyin cutar, ka ba su siffarsu ta ainihi, domin sau da yawa sunan ne ke faɗin siffar. "Staphylococcus" a dunƙule suke kamar nonon inabi, "streptococcus" a jere suke kamar sarƙa, korona kuma, mai nufin kambi a Latin, ta samu sunanta ne daga tsinkayen da suka kewaye ta kamar kambi. Ƙwayar nan mai kai da dogayen ƙafafu da masu zane ke sha'awa, bakteriya take kamawa, ba mutum ba, saboda haka kada ka sa ta a maƙogwaron majinyaci. Kada kuma likitan zanenka ya rubuta wa mai mura maganin kashe bakteriya, sai fa idan wannan kuskuren ne abin dariyar kuma wani a cikin zanen ya nuna shi, domin irin wannan magani ba ya aiki a kan bairos, nau'in ƙwayar cutar da ke kawo mura.

Kafin ka saki aikin, ka ƙirga ƙaryar da ke ciki. Ɗaya ake so, wadda mai karatu zai gane nan take cewa wasa ce. Idan sun kai biyu, ka cire mai rauni ka ajiye ta domin wani zanen. Sannan ka nuna shi ga mutum biyu, ɗaya mai ilimin lafiya, ɗaya kuma wanda Turancinsa ya zauna amma bai san ƙwayar cuta ba, ka yi shiru kana kallon fuskokinsu. Idan na farko ya tsaya gyara, to akwai kuskuren da ba ka yi niyya ba. Idan na biyu ya nemi ƙarin bayani, to ka koma akwati na farko ka sa kalmar asali ta bayyana a rubuce, a kan allo ko a takardar likita, domin idonsa ya ga "mumps" da "s" ɗinta kafin likita ya cire ta.