Masu aiki daga gida: kurakuran da ke sa ƙafa ta manta hanya

Tun kullen korona na 2020 nake aiki daga ɗakina a Unguwar Rogo da ke Jos, kuma sai da wando ya fara matse ni na gane abin da na rasa. A da kullum sai na taka zuwa bakin titin Bauchi, in hau keke napep, in sauka a Terminus, in ƙarasa ofis a ƙafa. Ban taɓa kiran wannan motsa jiki ba, shi ya sa da ya ɓace ban nemi madadinsa ba. Kuskuren farko ke nan, kuma shi ya haifi sauran. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin awa sau biyar. Zuwa ofis na biyan mafi yawan wannan bashin ba tare da mun sani ba.

Sai aiken yara. Kana zaune gaban kwamfuta, burodi ya ƙare: "Kai, zo ka je shago." Tashi ka je da kanka, malam. Haka masallaci, maimakon na ƙofar gida, riƙa yin La'asar a na gaba da layinku. Tafiyar da aka ɗaura wa wata bukata ita ke ɗorewa. Alkawarin "daga Litinin zan fara tattaki" kuwa, na yi shi ya fi a ƙirga. In an ɗauke wuta ma, kada ka miƙe a katifa da waya, lokacin fita ne ya samu.

Batun keke ya fi ba ni haushi. Mutum ya jingine shi a zaure damina guda, taya ta sace, sarƙa ta yi tsatsa. Ran da abin ya motsa masa sai ya buga iska ya nufi Rayfield, ya manta Jos tudu ce da gangare, a kan tsaunin da ya kai kusan mita 1,200. Ya dawo cinyoyi na rawa, keke ya koma zaure. Fara kai shi wurin mai faci ya duba birki, ya sa wa sarƙa mai, sannan ka yi mako biyu kana zagaye kusa da gida. Kunya kuma ta ƙare: tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, ba mai yi wa mai keke dariya.

Kada ka kafe sai da asuba. A hunturu sanyin Jos zai mayar da kai cikin bargo, bari hantsi ya dubi ludayi. Da damina kuwa yi sammako, don hadarin garin nan ya fi son haɗowa bayan Azahar.