Kurakuran da muke yi kan gwajin ƙwaƙwalwar ƙananan yara

Wallahi abin nan yana ci min rai. Ɗan ƙanwata, shekararsa 3, aka kai shi wata makarantar kuɗi nan cikin gari, intabiyun minti goma aka ce wai kansa ba ya ja. Uwar kwana ta yi tana kuka, alhali ranar yaron ko koko bai sha ba, ga zazzaɓi bai gama sakinsa ba.

Babban kuskurenmu ke nan, gwajin rana ɗaya sai mu mai da shi hukunci. Ko gwajin Bayley da masana ke amfani da shi tun 1969, na auna ci gaban yara har zuwa wata 42, yanayin yaro a lokacin yake nunawa, ba ya iya faɗa maka yadda zai zama in ya girma. Sai wajen shekara 6 zuwa 8 makin gwajin basira (IQ) ke fara tsayuwa, kuma ko a nan ma wani bincike a Berkeley ta Amurka a 1948 ya gano fiye da rabin yaran makinsu ya motsa da 15 ko fiye tsakanin shekara 6 da 18. Don haka a sake gwaji bayan wasu watanni, da safe, ya ƙoshi ya yi barci, lafiyarsa kalau.

Amma fa kar a sake bayan sati ɗaya, yaro yana tuna tambayoyin, makin zai hau ne kawai ba don wani abu ya canja ba.

Sai yare. Yaron da Hausa kaɗai yake ji a gida, baƙuwa ta sa shi gaba da Turanci tana nuna mai hoton abin da bai taɓa gani ba, kuma mu da kanmu muka koya mai sunkuyar da kai gaban manya, to ina zai amsa? Kunya ce sai a rubuta bai sani ba. A nemi mai gwada shi da Hausa, uwarsa na kusa.

Akwai kuma masu cewa "ai zai yi in ya girma" su share. A'a. In yaro ya kai shekara 2 ba ya faɗin kalma ko ba ya waiwayowa in an kira shi, a kai shi asibitin yara na Hasiya Bayero da ke Kano ko asibitin Malam Aminu Kano, a fara duba kunnensa da ƙarancin jini tukuna.